Yadda Ake Taya Yaro Jingar Nazarin Labari Gwargwadon Shekarunsa

Uwargida, idan ɗanki ya dawo daga makaranta a Kakuri ko Barnawa da jingar "faɗi jigon wannan labari", kada ki karɓi biro ki rubuta masa. Fara sanin inda hankalinsa ya kai.

Da farko, gwada shi da ruwa. Zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, ya tabbatar ɗaya suke. Sai ki juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya yana kallo, ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Ɗan shekara 5 galibi kwalbar zai nuna, don tsayi kawai yake gani. Ɗan 8 kuwa zai ce ai ba a ƙara komai ba. Masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, da irin wannan gwaji ya nuna cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro kan iya tunani a kan abin da yake gani ko taɓawa, amma zurfafa tunani kan abin da ba a gani sai wajen 12. Jigo kuwa ba a ganinsa da ido.

Na biyu, zaɓi tambayar da ta dace da shi. Mai nuna kwalba, tambaye shi wa ke cikin labarin, me ya yi. Ɗan firamare babba, ja shi zuwa dalili: a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, me ya sa aku yake ta ba Musa labarai dare bayan dare? In ya gane dabarar hana shi fita ce, ya kama zaren littafin.

Ɗan sakandare ne za ki matsa wa. A nan na fi so ki daɗe. Ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Yaron ya lissafa manyan abubuwan da suka faru: sace Umar yana ƙarami, tsallaka hamada da shi, wahalar uwarsa wajen nemansa. Sai ki ce, me ya haɗa su duka? Yi shiru, ko da zai daɗe yana sosa kai. Idan da bakinsa ya ce bauta ce da raba uwa da ɗa, ya samo jigo, kuma hujjojinsa na hannunsa.

Na uku, harshe. A Narayi da Sabon Tasha yaro kan tashi da Gbagyi ko Hausa a gida, Turanci a aji. Bar shi ya ba ki labarin da harshen da ya fi sakewa, sannan ya rubuta da na malam.

Daga ƙarshe ya karanta miki amsar da ƙarfi. Duk jimlar da ya kasa nuna shafin da ya samo ta, ya goge ya koma littafin.