Hasashen Igiyar Ruwa: Daga Madatsar Kazaure Zuwa Teku

Mai yiwuwa ɗalibin da ya tashi a Roni bai taɓa ganin teku ba. Amma in ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwa ta Kazaure da farkon damina, sa'ad da hadari ya haɗo daga gabas, to, ya ga yadda ruwan da ke kwance kan harzuƙa, masunta suna hanzarin fitowa gaɓa. Abin da ke tayar da wannan ruwa shi ke tayar da raƙuman teku, wato iska.

Girman igiya ya dogara ne a kan abubuwa uku: ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da nisan sararin ruwan da ta ratsa. Dalili ke nan da kududdufi ba ya yin babbar igiya komai ƙarfin iskar.

A teku kuwa, ko guguwa ta lafa, igiyoyin da ta haifar sukan ci gaba da tafiyar dubban kilomita. Masana sukan ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin wucewar igiya da ta bayanta, su ninka da 0.78, sai su sami saurin ayarin igiyoyin, mita nawa a daƙiƙa. Alal misali, tazarar daƙiƙa 16 tana ba da mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa. Ke nan igiyoyin da suka taso daga nisan kilomita 3,000 za su iso gaɓa bayan kusan kwana uku.

Harald Sverdrup da Walter Munk ne suka aza harsashin wannan ilimi a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin sauke sojoji a gaɓar teku lafiya, aka wallafa aikinsu a 1947. A yau taurarin ɗan Adam da na'urori masu yawo bisa ruwa ne ke aiko da awo, kwamfuta ta yi lissafi.

Cikin masu dogaro da wannan hasashe akwai 'yan wasan da ke hawan igiya a kan allo. A garin Nazare na ƙasar Fotugal, wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 5,000 a ƙarƙashin teku yakan tattara ƙarfin igiya wuri guda. A nan ne Sebastian Steudtner, Bajamushe, ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a watan Oktoba na 2020. 'Yan wasan sun fi son iska mai laushi da ke fitowa daga tudu, domin wadda ta fito daga teku takan farfashe igiyar.

Abin lura a gare mu shi ne, a madatsa babu sanarwar kwana uku. Igiyar tana tashi ne tare da iskar, cikin 'yan mintoci. Saboda haka, mai kwalekwale ya kula da baƙin hadari a gabas, da iska mai sanyi da ƙura da kan riga ruwan sama isowa. Idan farin kumfa ya yawaita a kan igiyoyi, iskar ta kai kimanin kilomita 20 a awa. Igiya kuma ta fi girma a gaɓar da iskar ta dosa. Rigakafi dai ya fi magani.

Aikin aji: a cika kofi da faffaɗan daro da ruwa, a yi wa kowanne fifita da ƙarfi ɗaya. A wanne ne igiya ta fi girma, kuma me ya sa?