Kafin Ka Ɓare Sitikar Tsohuwar Motar Gida, San Abin Da Ke Ƙarƙashinta



Sana'ata yanka sitika da manna ta a jikin motoci, kuma a arewacin jihar Indiyana ta Amurka nake yin ta. Wannan yanki, musamman garin Elkhart da kewayensa, shi ne cibiyar ƙera motocin gida a ƙasar, wato motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda iyali ke shiga su yi makonni suna yawon buɗe ido. Saboda haka aikin da ya fi shigo mana shago shi ne na tsofaffin motocin gida, 'yan shekarun 1970 zuwa 1990, waɗanda rana ta cinye zanen jikinsu, masu su na son a cire a sa sabo.

Abin da ya sa na ga ya wajaba in yi magana shi ne, da yawa daga cikin motocin nan sai an riga an yi musu illa ake kawo mana su. Mutum zai ga sitika ta tsattsage, ya ce ai ɓarewa ce kawai, ya ɗauko reza da tina da na'urar hura zafi. Kafin la'asar ya yi ɓarnar da kuɗin gyaranta ya ninka kuɗin sitikar sau da yawa. Sitika dai ana iya yanka wata gobe. Jikin motar da ta shekara 40 kuwa, in ya lalace, ba a shiga kanti a sayo irinsa. Duk wanda zai taɓa wannan aiki, jikin motar ya kamata ya sa a gaba.

Ba na ganin laifin mai son sabunta zanen motarsa. Wuraren yada zango da dama a Amurka suna da ƙa'idar duba duk motar da ta haura shekara 10, su nemi hotonta kafin su ba ta wuri, in sun ga ta kwana biyu su mayar da ita. Ga kuma batun farashi ranar sayarwa. Bayan haka, layukan nan masu launi su ne shaidar motar. Kamfanin Winnebago, wanda ya fara fitar da motar gida a jihar Iowa a 1966, an san shi da harafin W da ke cikin layin gefen motocinsa, daga nesa za ka gane ta. In wannan zane ya tafi ba tare da an adana siffarsa ba, wani ɓangare na darajar motar ya tafi da shi.

Kafin a taɓa komai

Matakin farko ba ya buƙatar zafi ko sinadari. Ka tsaya nesa ka ɗauki hoton kowane gefe kai tsaye, sannan ka matso ka ɗauki kowane lanƙwasa da tef ɗin awo a jikinsa. Ka auna faɗin kowane layi da nisansa daga abin da ba ya motsi, kamar gindin taga ko bakin ƙofa. Tambari da rubutu kuwa a ɗora musu takarda mai shara-shara a kwafe. Da waɗannan ne ake sake zana komai a kwamfuta. Launi kuma a nemo shi a inda rana ba ta kai ba, kamar cikin lungun ƙofa ko ƙarƙashin fitila, domin abin da ido ke gani a fili ya riga ya koɗe.

Sai ka sa farce a bakin layin. In ka ji tudu, sitika ce. Wasu layukan tsofaffin motoci fenti ne aka fesa, kuma na ga wanda ya wuni yana gasa fenti yana jiran ya ɓare.

Akwai kuma takardun da ba a taɓawa sam: wadda ke ɗauke da lambar shaidar motar da iyakar nauyin da za ta ɗauka da adadin iskar taya, da hatimin ƙungiyar masu ƙera motocin gida da ake mannawa kusa da ƙofa, da gargaɗin da ke wajen tukunyar gas. A rufe su da tef ɗin takarda tun daga farko. Samun madadinsu a mota mai shekaru haka abu ne mai wuya ƙwarai.

Jiki iri-iri ne

Nan ne asalin maganar take. Motocin gida ba jiki ɗaya gare su ba, kuma abin da wani jiki ke jurewa shi ke kashe wani.

Akwai masu jikin alminiyom mai gurɓi-gurɓi, da fenti siriri da aka gasa a kansa tun daga masana'anta. Gogewa kaɗan mai ƙarfi, sai ka ga farin ƙarfe ya leƙo. Akwai masu jikin faiba da aka zuba a mazubi, mai fatar sama mai sheƙi da ake kira jelkot, wanda ya fi sauran haƙuri. Akwai kuma wanda ya yawaita daga baya: siririn faifan faiba da aka manna da gam a kan filawud da soso. Wannan shi ya fi tsoron zafi, domin in gam ɗin ciki ya saki, bangon zai kumbura, kuma ba ya komawa. Sai irin na kamfanin Airstream, masu alminiyom tsirara da aka shafa wa siririn rufi mai haske, wanda sinadari mai ƙarfi ke ɗaye shi ya bar tabo.

Wani lokaci ma mota ɗaya na haɗa biyu. Motar gidan da kamfanin GMC ya ƙera daga 1973 zuwa 1978, wadda har yau masoyanta ke ririta ta, rufinta da saman gefenta alminiyom ne, ƙasan gefe da gaba da baya kuma faiba. Alminiyom yana kwashe zafi ya watsa shi nan take, faiba kuwa tana tara shi a wuri guda. Layi ɗaya zai ratsa duka biyun, saboda haka dole hannunka ya sauya a tsakiyar aiki.

Zafi da gogewa

Sitikar mota roba ce da aka cakuɗa da wani sinadari mai sa ta laushi. Shekaru na tafiya, rana na tsotse wannan sinadarin, robar ta bushe ta tsattsage, gam ɗin bayanta ya ƙandare. Shi ya sa sabuwar sitika ke fitowa gaba ɗaya, tsohuwa kuwa sai gutsuri-gutsuri. Motar da ta zauna a jihohi masu zafin rana irin su Arizona ko Fulorida ta fi ta arewa shan wahala, haka gefen da ya daɗe yana kallon rana.

Aikin zafi shi ne ya tausasa gam, shi ke nan. Na'urar hura zafi na iya fitar da iskar da ta haura maki 500 a ma'aunin Selshiyos, alhali abin da ake buƙata bai kai ko kusa da haka ba. Ma'aunina mai sauƙi ne: in ba zan iya ɗora tafin hannuna a wurin ba, zafin ya wuce kima. Kada hannu ya tsaya wuri ɗaya, kuma in ka ga hayaƙi ka dakata, domin hayaƙin wannan roba guba ne ga huhu. Ni na fi son na'urar tururi a kan bangon da aka manna da gam, tunda zafinta yana da iyaka. A ɗaga baki da rezar roba, a ja a hankali a kwance kusa da jiki. Rezar ƙarfe ba ta da hurumi a nan.

Inda sitika ta ƙi, akwai faifan roba da ake ɗaurawa a injin huda, yana cinye ta yana zubar da gari. Kamfanin 3M ya iyakance nasa a juyi 4,000 a minti ɗaya, kuma a aikace ƙasa da haka ya fi. Matsalar ita ce masu ɗaura irinsa a injin yankan ƙarfe, wanda ke juyi wajen 10,000. An taɓa kawo mana wata farar mota da aka yi wa haka. Tun daga bayan ƙofar direba har tagar kicin, tabo ne ruwan ƙasa a jere, kowanne da siffar jinjirin wata, inda faifan ya tsaya ya ƙona fatar. A ƙarƙashin tagar kuma bangon ya taso faɗin tafin hannu, in ka danna da yatsa sai ya lotsa ya yi ƙara ya dawo. Mai motar dattijo ne, shi da marigayiya matarsa suka zaga ƙasa da ita. Da na gaya masa tabon ya shiga ciki, sai fenti, ya daɗe yana shafa wurin bai ce komai ba. Irin wannan ne ba na son ya sake samun wani.

Gam da sinadarai

Bayan robar ta fita, gam zai rage. Akwai ruwan cire gam da aka yi domin motoci. A gwada shi tukuna a ɓoyayyen wuri, a shafa, a ba shi 'yan mintuna, a kwashe da rezar roba. A kiyaye kada ya gangara kan robar tagogi, da abin toshe haɗin bango, da murfin fitilu. Motoci da yawa rufinsu shimfiɗar roba ce, kuma sinadarin da aka samo daga man fetur ko ɓawon lemo yana sa ta kumbura ta saki. Tina kuwa tana narkar da fenti da roba.

Sai gargaɗin da ya shafi rai. Firij ɗin yawancin motocin nan da gas yake aiki, kuma harshen wutarsa yana bayan wani murfi mai ramuka a bangon waje, daidai inda kake shafa sinadari. Haka na'urar ɗumama ruwa. Ka kashe su, ka rufe tukunyar gas kafin ka buɗe kwalba, ka yi aiki a inda iska ke kaiwa da komowa.

Inuwar da ke saura

Ko ka yi komai daidai, za ka tarar da siffar tsohon zanen tana nan, kamar gurbin agogo a hannun wanda ya daɗe cikin rana. Wurin da sitika ta rufe ya tsira daga rana da ruwa, sauran jiki kuwa ya koɗe ya zaizaye, har yatsa kan ji ɗan tudu a bakin. A kan jelkot mai kauri ana iya rage shi da man gogewa, wani lokaci da sanfefa mai laushi, lamba 1,000 zuwa 2,000, tare da ruwa. A kan siririn fenti ko siririyar faiba kuwa, kada garin neman gira a rasa ido. Sannan dokar da Amurka ta yi a 1978 ta hana dalma a fentin gidaje ba ta haɗa da fentin motoci ba, saboda haka goge tsohon fenti a bushe ba tare da abin rufe hanci ba kasada ce. Mafita mafi sauƙi ita ce a yanka sabon zane a kan siffar tsohon, a ƙara masa 'yan milimita kowane gefe ya rufe inuwar.

Manna sabuwa

Robar sitika iri biyu ce. Akwai wadda ake zubawa ruwa-ruwa ta bushe a shimfiɗe, siririya ce, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, tana bin lanƙwasa, ba ta cika tsukewa ba. Akwai wadda ake murzawa tsakanin ƙarafa, ta fi kauri da sauƙin kuɗi, amma kullum tana ƙoƙarin komawa yadda take, sai ta tsuke ta bar baƙin layin gam a gefe. A sitika mai suna Oracal, lamba 651 ta murzawa ce, 751 da 951 na zubawa. Ka tambayi mai yi maka aiki wacce zai sa, ya nuna maka bayan takardar. Araha ba ta ado.

A wanke jiki, a goge da sifirit har babu sauran mai ko man sheƙi. A yi aiki a inuwa, a yanayin da bai gaza maki 10 ba, bai kuma wuce 30 da kaɗan ba. A daidaita zanen da tef tukuna, a ja baya a kalle shi daga nesa, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe. Wurin ribit da gurɓin alminiyom a bi su ɗaya-ɗaya da ɗan ɗumi. Kada a yanka da wuƙa a jikin mota, akwai tef mai zare a ciki da aka yi domin haka. In sabon fenti ne, a jira iya lokacin da mai fentin ya ce. Bayan an gama a bar ta 'yan kwanaki ba wanki, kuma kada a saita injin feshin ruwa a bakin sitika.

'Yan'uwana masu wannan sana'a a gida, na san motar gida ba ta cika zuwa hannunku ba. Amma bas-bas ɗin Beljiyam da ke isowa da rubutun kamfanonin Turai a jikinsu, da motocin da ake naɗewa da hotunan 'yan takara a cire bayan zaɓe, duk ƙa'idar ɗaya ce, kuma ranar Kano ko Maraɗi ba ta fi ta Arizona tausayi ba. Mai mota ya ba ku amanar fentinsa ne. Ku duba jikin, ku gwada a ɓoye, ku faɗa masa gaskiyar inuwar da za ta saura tun kafin ku karɓi kuɗinsa. Mai mota kuma, in ka fara da kanka ka ga launi na bin tsummanka ko bango na tasowa, ka tsaya a nan ka nemi masani. Tabo ɗaya yana gyaruwa, gefe guda kuwa sai an sake fenti.

Allah ya yi wa nemanmu albarka, ya kare mu daga asara.