Tsoron Buɗe Baki a Ƙasar Baƙunci

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga wata magana da ya kamata ka sani tun da wuri. Watakila wata rana ka sami kanka nesa da gida, a hayin teku, ko ikilisiya ce ta aike ka da bishara, ko kuwa ciniki ko neman ilimi ya kai ka. Can za a ce maka ka tashi a gaban jama'a ka faɗi abin da ka gaskata. Sa'an nan bakinka zai bushe, gwiwoyinka su kama rawa, maganar da ka shirya ta gudu ta bar ka. Shaiɗan kuwa zai raɗa maka cewa da Allah ne ya kira ka, da ba ka ji haka ba. Wannan ƙarya ce. Tsoro ba shaida ba ne cewa ba a aike ka ba.

Ka duba Manzo Bulus. Ya haye teku daga Taruwasa zuwa Makidoniya. A Filibi aka yi masa bulala, aka jefa shi kurkuku. A Tasalonika aka ta da tarzoma har ya fita da dare. A Atina waɗansu suka yi masa ba'a sa'ad da ya ambaci tashin matattu. Da ya iso Korinti, wajen shekara ta 50, babban birni mai cike da 'yan kasuwa da gumaka, shi da kansa ya shaida cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 2, cewa da rauni da tsoro da rawar jiki ya zauna a cikinsu. Duk da haka bai koma gida ba. Ya sauka wurin Akila da Biriskilla, suna ɗinkin tanti tare, kowace Asabar yana magana cikin majami'a. Cikin Ayyukan Manzanni, sura 18, an ba da labari Ubangiji ya ƙarfafa shi cikin wahayi da dare. Ya zauna shekara ɗaya da wata shida, aka kafa ikilisiya, har Kirisbus shugaban majami'a ya ba da gaskiya da dukan gidansa.

Ga kuma wani na zamani mafi kusa. An haifi Dauda Lifinston a ƙasar Sikotilan a 1813, tun yana ɗan shekara 10 yana aiki a masaƙar auduga. A 1838 Ƙungiyar Mishan ta Landan ta karɓe shi domin gwaji, ta aike shi wani gari a Ingila ya koyi wa'azi. Wata Lahadi mai wa'azin wani ƙauye kusa ya yi ciwo, aka tura saurayin a madadinsa. Ya riga ya haddace wa'azinsa sarai. Ya hau, ya karanta aya, sai kome ya ɓace masa. Ya gaya wa jama'a ya mance dukan abin da zai faɗa, ya sauka ya fita da gaggawa. Saura kaɗan a ƙi shi, amma aka ƙara masa lokaci. A 1841 ya sauka Afirka ta Kudu. Ya rabu da Turawa kamar wata shida, ya zauna cikin mutanen Bakwena domin ya ji harshensu da al'adunsu. Mutumin da ya gudu daga gaban 'yan ƙauyen ƙasarsu, shi ne ya tsaya gaban sarakuna yana magana da harshen da ba nasa ba, har ya yi wa Secele sarkin Bakwena baftisma a 1848. Ya mutu a 1873 a ƙasar da yau a ke kira Zambiya. Masu yi masa hidima suka same shi durƙushe a bakin gadonsa.

To, me za ka yi kai? Ga abu biyar.

Na fari, kada ka ɓoye tsoronka. Ka kai shi gaban Allah da sunansa, ka kuma roƙi 'yan'uwa su yi addu'a dominka. Bulus, yana tsoho yana cikin sarƙa, ya roƙi Afisawa su yi masa addu'a a ba shi gaba gaɗi. In shi bai ji kunyar roƙo ba, don me kai za ka ji?

Na biyu, ka fara da kunne kafin baki. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Ka koyi gaisuwar mutane, ka ci abincinsu, ka je ta'aziyyarsu, ka yi aikin hannu a cikinsu. Yawancin tsoro daga rashin sani ya ke fitowa. Wanda ka zauna da shi inuwa ɗaya, fuskarsa ba za ta razana ka cikin taro ba. In sun yi dariyar kuskurenka cikin harshensu, ka yi dariya tare da su, ka roƙa su gyara maka.

Na uku, kada ka dogara ga hadda. Kalmomin da aka cusa a ka su kan watse ran tsoro, amma abin da mutum ya gani da idonsa ba ya mance shi. Kai mashaidi ne, ba alƙali ba. Ka riƙe abu uku kaɗai: yadda ka ke dā, yadda ka sadu da Yesu Almasihu, da abin da ya yi maka. In an tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka, ka ce za ka bincika, ka komo da amsa.

Na huɗu, ka fara da kaɗan, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Da rarrafe yaro ya kan tashi. Yau ka yi magana da mutum ɗaya, gobe da mutanen gida ɗaya, kāna ka tsaya cikin taro. Ubangiji ya aiki almajiransa biyu biyu, gama ya san zuciyar mutum ɗaya ta kan karai da sauri.

Na biyar, ka bambanta ƙarfin hali da wauta. Ƙarfin hali ba ihu ba ne, ba kuma zagin addinin wani ba. Ka yi magana da tawali'u da ladabi. Akwai ƙasashen da doka ta hana wa'azi a fili. A can ka nemi shawarar masu bi na wurin, gama kai baƙo za ka tashi wata rana, su ne za su ɗauki abin da ka jawo. Bulus kansa ya yarda aka zura shi cikin kwando ta ganuwar Dimashƙu, bai kuwa zama matsoraci ba. Abin da ba shi da kyau shi ne ka yi musun Ubangijinka sa'ad da aka tambaye ka kai tsaye.

In kuwa ka riga ka fāɗi, ka yi shiru inda ya kamata ka yi magana, kada ka fid da zuciya. Bitrus ya yi musu sau uku cikin dare ɗaya, farkonsa a gaban wata baiwa. Bayan kamar mako bakwai, ranar Fentikos, ya tsaya cikin Urushalima ya ɗaga murya, mutum wajen 3,000 suka tuba. Ba Bitrus ne ya sāke kansa ba, Ruhu Mai Tsarki ne.

Kada fa ka jira tsoro ya tafi kafin ka buɗe baki. Sau da dama ƙarfi yana zuwa ne bayan kalma ta fari. Tun kana gida, ka tambayi kanka: wane ne mutum ɗaya da zan gaya wa cikin makon nan abin da Almasihu ya yi mini? Gama wanda bai saba magana a ƙofar gidansu ba, jirgi ba zai koya masa ba.

Addu'a: Ya Uba, ka san raunina. Ba na roƙo ka mai da ni gwanin magana, sai dai ka sa in zama mai gaskiya. Ka buɗe bakina, ka tsare harshena daga zagi da fahariya, a gida ko a baƙunci, domin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.