Idan Kwamfuta Ta Cije da Filash a Jikinta

Jama'a, akwai wata 'yar matsala da ke sa mutane zubar da kuɗi wurin masu gyara ba gaira ba dalili. Mutum zai kunna kwamfutarsa, tambarin kamfani ya bayyana, HP ko Dell ko Lenovo, sai ta tsaya cik, ba gaba ba baya. Wani sa'in allon ya yi baƙi ƙirin, ɗan ɗigo kawai ke ƙyaftawa a kusurwa. Nan da nan mai ita ya yanke hukunci cewa Windows ta mutu, sai fomat. Alhali da ya leƙa gefenta da ya ga filash ɗin da ya bari tun jiya.

Ga yadda abin yake. Kafin Windows ta farka, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan babban allon cikin kwamfuta, ana ce mata BIOS. Magajiyarta UEFI ta yaɗu tun fitowar Windows 8 a 2012, amma aikinsu ɗaya ne. BIOS takan fara da kiran suna kamar malamin firamare da safe: ƙwaƙwalwa ta amsa, kibod ya amsa, hadis (hard disk) ya amsa. In ta zo kan filash mai ciwo, wanda ya fara amsawa ya kasa ƙarasawa, wata BIOS ɗin, musamman tsohuwa, sai ta zauna jiransa har illa masha Allahu.

Bayan wannan takan bi wani jeri tana neman inda za ta tashi. In USB ne a sama, za ta karanta farkon filash ɗin tana neman umarnin tashi. Filash na ajiyar takardu yawanci takan tsallake shi. Wanda aka taɓa shirya shi don ɗora Windows ko Linux, da manhaja irin Rufus, shi ne mai rikici. Ko an share fayilolinsa, umarnin yana nan a ɓoye. Kwamfuta ta miƙa masa ragama, shi kuwa ba shi da inda zai kai ta.

To, ya kai mai karatu, kada ka yi gaggawa. Danna maɓallin wuta ka riƙe har ta mutu. Zare filash ɗin, ka haɗa da firinta da modem da katin memori da wayar da kake caji. Sake kunnawa. In ta tashi, ka san hadis ɗinka lafiya lau yake, ba mai taɓa maka shi.

Saura a gano mai laifi. Gwada wata kafar USB. A kwamfutar tebur kafofin baya sun fi aminci, domin a jikin babban allon suke, na gaba kuwa da waya aka jawo su. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, 900, don haka hadis na waje ko tarin kaya a kan mahaɗa ɗaya kan fi ƙarfin ta farko. Sannan ka gwada wani filash a nan, ka gwada naka a wata kwamfutar.

In kowane filash yana sa ta cijewa, gyaran yana cikin BIOS. Da kunnawa ka riƙa danna F2 a Dell, F10 a HP, ko Del a yawancin na tebur. Nemi sashen Boot, ka mai da hadis ɗinka saman jeri, ka adana ka fita. Wasu masu gyara kan bar USB a sama bayan sun gama ɗora Windows, kuma wannan sakaci ne, tunda F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, na ba ka zaɓin tashi daga filash na sau ɗaya kawai. Abin da ba ka sani ba a wurin nan, ka bar shi. Sauya UEFI zuwa Legacy kaɗai ya isa ya hana Windows tashi.

In ka gyara jerin, bayan kwana biyu ya wargaje, agogo ma ya koma shekarun baya, to ƙaramin batirin babban allon ne ya mutu. CR2032 ne a yawancinsu, mai bolt 3, kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu sun cika yin haka.

In kuwa filash ɗin ne, jira Windows ta gama tashi kafin ka sa shi. Kwashe kayanka tukuna, sannan ka yi masa fomat. In ya ci gaba da halinsa, kada ka ƙara ajiye masa abu mai muhimmanci; jabu sun yi yawa a kasuwa.

Sabunta BIOS shi ne na ƙarshe. Daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar kaɗai ake ɗauko ta, a kuma tabbata lambar kwamfutar ta dace. Batiri ya kasance a cike, ko a jona ta tebur da UPS, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, babban allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya.