Yadda Ake Raba Karen Farauta Da Tsoron Ƙarar Bindiga

Gabatarwa

Ni ɗan ƙabilar Gbagyi ne, haifaffen Minna, kuma a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. Saboda haka idan mai karatu ya ci karo da tuntuɓen harshe, sai ya yi mini afuwa. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda ake taimakon ƙaramin karen farauta ya daina gudun ƙarar bindiga, kamar yadda na gani a gidan kawuna lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya zaunar da mu a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a bambance kalmomi biyu. Mafarauci shi ne duk mai shiga daji neman nama, ko da gora da karnuka kawai ya riƙe. Maharbi kuwa sai mai kwari da baka ko bindiga. Kawuna maharbi ne, yana zaune a wani ƙauye a kan hanyar Paiko, makaminsa kuma adaka ce, wato bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Karen da yake gudun harbi ba shi da amfani ga irin wannan mutum.

Yadda matsalar ta faro

Sunan kwikwiyon Barde. Yana da kimanin wata biyar wani ɗan'uwana ya ce bari ya gwada zuciyarsa, ya ɗaure shi a gindin mangwaro ya harba adaka kusa da shi. Barde ya tsinke igiya, ba mu gan shi ba sai washegari a ƙarƙashin rumbu. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar, ko bindigar ya hango a kafaɗar Kawu, ko ya shaƙi warin albarushi, sai ya matse wutsiya ya ɓace.

Kawu ya ce, "Ɗana, ba na ciyar da ragon kare. Ranar kasuwa zan sayar da shi." Na roƙe shi ya bar mini shi zuwa kaka, ya yarda da ƙyar.

A nan ne na lura Hausa ta fi ni sanin ciwon. Firgita abu ne na nan take, kowane mai rai yana yi idan ya ji ƙara ba zato. Tsoro shi ne abin da ya zauna a zuciya bayan firgitar ta wuce. Ba za a iya hana kare firgita gaba ɗaya ba. Aikin mai horo shi ne kada ta zama tsoro, in kuma ta riga ta zama, a warware ta. Kuma ba ragwanta ba ce. Harbin yawancin bindigogi yakan wuce desibel 140 a kusa, ga shi kunnen kare yana kama siraran sautukan da namu ba ya ji.

Abin da masana suka gano

Ivan Pavlov na ƙasar Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa kare yakan haɗa sauti da abin da ya saba biyo bayansa, har yawunsa ya zuba tun abinci bai iso ba. A 1924 wata Ba'amurkiya, Mary Cover Jones, ta yi amfani da wannan fahimta ga wani yaro mai tsoron zomo: tana matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron yake cin abin da yake so, har ya kai ga taɓa shi. Dabarar ke nan. A rage abin tsoron ya zama ƙarami sosai, a haɗa shi da abin daɗi, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Matakan da na bi

Da farko na roƙi Kawu ya ɓoye bindigar, muka yi kusan wata guda Barde bai gan ta ba. A lokacin ina fita da shi bayan gonaki tare da wata tsohuwar karya mai suna Dage, suna korar gafiya da makwarwa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, domin sai kare ya ƙwallafa rai a kan nama kafin ya iya mantawa da ƙara.

Daga nan na koma kan abinci. Duk lokacin da ya sa baki a tuwo, ƙanena zai buga katako biyu can bayan gida, sau ɗaya tak. In bai ɗago kai ba, gobe a matso kaɗan. In ya bar kwanon, to mun yi gaggawa, sai a koma inda aka tsaya jiya. Ma'aunina kunne da wutsiya da baki ne: karen da ya kwantar da kunnuwa, ya matse wutsiya, ya ƙi cin abin da yake so, ya riga ya gaya maka ka wuce gona da iri. Bayan haka muka jingine bindigar babu ɗuri kusa da inda yake cin abinci, har ya daina kallonta.

Sai batun harbi. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da kimanin desibel 6, don haka nisa shi ne maganin farko. Kawu ya tsaya wajen taku ɗari biyu, da ɗan albarushi kaɗan, bai harba ba sai da na ɗaga hula, alamar Barde yana tsakiyar bin nama. Harbi ɗaya a rana, ba ƙari. Ya tsaya cak, ya dubi Dage, ya ga ko a jikinta, ya ci gaba da gudu. Wani abu da bai kamata a manta ba: saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi wasu sassan jihar Neja, irin su Shiroro da Munya, ƙarar harbi takan tayar wa mutane hankali. Duk ranar da za mu yi, sai mun sanar da mai unguwa da maƙwabta.

Na yi kuskure sau ɗaya. Da na ga abin yana tafiya daidai, sai na sa Kawu ya rage nisan da rabi a rana guda. Barde ya bar daji ya nufi gida, muka yi asarar aikin mako biyu. Kawu ya so ya zane shi, na ce, "Kawu, don Allah a bar shi, laifina ne." Duka ba abin da zai ƙara sai tabbatar masa cewa ƙara da azaba tare suke tafiya. A ganina al'adar ɗaure kare a yi ta harbi a kansa wai har ya saba, ita ce ta fi lalata karnuka masu kyau.

Na koma makaranta a Oktoba, harbin yana wajen taku talatin. Da na zo hutun Disamba muka fita da asuba, Kawu ya harbi zabuwar daji Barde yana kusa da shi. Ya ɗan zabura, sannan ya kutsa cikin ciyawa ya riga Dage isa wurin. Ba a sake maganar kasuwa ba. Sai dai har yanzu idan damina ta faɗi aka yi tsawa, a ƙarƙashin rumbu ake samunsa.