Darasin Sifaniyanci: Tú da Usted

Bahaushe ba ya buƙatar doguwar fassara kafin ya gane cewa magana da babba dabam take da magana da tsara. Yaro mai tarbiyya yakan ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" ko da dattijon shi kaɗai ne zaune. Masu jin Sifaniyanci ma suna da irin wannan ladabi, sai dai nasu ya shiga har cikin ƙirar aikatau. Firistoci, sistoci da ɗaliban seminari da ake aikawa Sifaniya ko Kudancin Amurka, a nan suke fara tuntuɓe.

Kalmomi biyu ne. Tú ita ce "kai" ko "ke", domin ba ta rarrabe namiji da mace. Da ita ake magana da yaro, aboki da ɗan'uwa. Usted kuwa ta girmamawa ce: ta baƙo, dattijo, bishop, likita, ko wanda ka je ofishinsa neman takarda.

Asalin usted shi ne vuestra merced, wato "alherinku", lafazin da aka riƙa gajartawa har ya zauna haka a ƙarni na 17. Wannan tarihi ba ado ba ne, shi ne mabuɗin darasin. Tun da "alherinku" ake yi wa magana, aikatau yana ɗaukar siffar mutum na uku, kamar yadda mukan ce wa malami a gabansa, "Malam ya iso lafiya?" Saboda haka usted da él (shi) da ella (ita) siffa ɗaya suke sha.

Mu ɗauki hablar, yin magana (ba a furta h, "ablar" ake cewa): yo hablo, tú hablas, usted habla. Comer, cin abinci: como, comes, come. Vivir, zama ko rayuwa: vivo, vives, vive. A lura, harafin s na ƙarshe shi ne alamar tú. A cire shi, an koma ga girmamawa. Haka gaisuwa take: ¿Cómo estás? ga aboki, ¿Cómo está usted? ga babba. Tambayar suna: ¿Cómo te llamas? da ¿Cómo se llama usted?

Umurni ne ke da tarko. Habla na nufin "yi magana" ga tsara, amma ga babba sai a ce hable. A comer kuma abin ya juye: come ga yaro, coma ga dattijo. Wanda ya ce wa tsohuwa siéntate maimakon siéntese ya ba ta kujera, ya kuma rage mata girma.

A jam'i, mutanen Sifaniya suna da vosotros habláis ga abokai da ustedes hablan ga manya, amma a Kudancin Amurka ustedes ta wadatar ga kowa. A Ajantina, ƙasar marigayi Paparoma Francis, vos hablás ake ji a madadin tú hablas. A wasu sassan Kolombiya har iyaye sukan kira 'ya'yansu usted. Shawarata ita ce a fara da usted, a jira babba ya ba da izinin tú da bakinsa. Suna ma da aikatau domin haka, tutear.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, a cikin Addu'ar Ubangiji da addu'o'in Misa na yau, da tú ake kiran Allah. Bishop usted ne, Uba na sama kuwa tú, domin 'ya'ya ne ke magana a gidan Ubansu.

Aikin gida: a juya trabajar (aiki), beber (sha) da escribir (rubutu) da yo, tú da usted, sa'an nan a rubuta gaisuwa biyu, ɗaya ga abokin aji, ɗaya ga Fada.