Kada damina ta wanke karatun rani

 Ga rani ya yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kwanan nan za a rufe aji, kowa ya ɗauki hauya ya nufi gona. To, ina karatun da muka sha wuya a kansa zai kwana?

Mu malamai mun san abin da ke faruwa. A Matameye, da Kance, da Dungu, da Ɗan Barto, duk labarin ɗaya ne. Mutum ya yi wata huɗu yana zuwa aji. Ya iya baƙaƙe, ya iya rubuta sunansa, har yana yin lissafi. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Ran da aka sake buɗe aji sai ya riƙe alli yana kallon allo kamar bai taɓa ganinsa ba. Kunya ta kama shi. Ya ce: "Ni kaina ya bushe, na tsufa." Daga nan ba a sake ganinsa.

Wannan magana ba gaskiya ba ce. Gemu ba ya hana ilimi. Mantuwa halin ɗan Adam ce, yaro da babba. Kuma an san yadda take tafiya.

Wani masani na ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya auna ta a kan kansa, ya buga littafi a 1885. Yakan haddace ƴan gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya duba abin da ya rage. Bayan awa ɗaya, fiye da rabi ya tafi. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku ya tafi. Daga nan sai mantuwar ta rage gudu. Ke nan ɓarna mafi girma tana faruwa ne a ranar farko. Ya kuma gano cewa maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya.

Alarammominmu na ƙasar Damagaram ba su jira Bature ba. Ku dubi almajiri a tsangaya. Ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ba tare da kuskure ba. In ya wanke, ba ya rabuwa da na baya, yana tilawarsa. Yana karatu da asuba, yana yi da dare a bakin wuta. Ba kaifin kai kaɗai ke sa mutum ya haddace izu sittin ba. Komawa ce a kai a kai.

Mu ma haka za mu yi. Darasin da aka koya yau, a sake duba shi yau ɗin nan, kafin a kwanta. Barci yana taimaka wa kai ya riƙe abin da aka zuba masa. Masana sun gwada wannan sun tabbatar. Gobe da safe a sake dubawa. Sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Minti goma ya isa kowane zama. Mai noman rake a fadama ya san ba a ba shuka ruwan wata guda a rana ɗaya.

Amma akwai dubawa, akwai dubawa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu. Sai ka ga mutum ya buɗe littafi yana bin layi da yatsa, sau biyar, sau goma. Ya ce ya iya. Bai iya ba, idonsa ne ya saba da shafin. In kana so ka san gaskiya, rufe littafin. Share wuri a ƙasa, ɗauki tsinke, rubuta kalmomin daga kanka. Sa'an nan ka buɗe ka gwada. Inda ka yi kuskure, nan ne aikinka yake. Wannan wahalar da kake ji lokacin da kake lalubo kalma a cikin kai, ita ce ke kafa ta. Na ga wata tsohuwa a wani ƙauye tana rubuta baƙaƙe a toka tana jiran tukunya ta tafasa. Da aka yi jarrabawa ta wuce samari da yawa.

Wata dabara kuma: a ɗaura sabon abu a jikin wanda aka sani. Ƙ mai ƙugiya ita ce ta ƙosai, k marar ƙugiya ta kaza ce. Ɗ ta ɗaki, d ta doki. Wanda ya riƙe harafi tare da abin da yake gani kullum, da wuya ya ɓace masa.

Yanzu maganar sha'awa. Me ya sa aji ke cika a makon farko, amma kafin wata biyu sai rabi? Wasu sun tafi cin rani Kano, wannan ba laifinsu ba ne. Mata kuwa ga daka, ga ɗiban ruwa, sai su iso aji a gajiye. Amma a ganina babban dalili shi ne mutum bai ga abin da karatun ya yi masa ba. Mu malamai ma da namu laifi, in mun tsaya kan "ba, bi, bu" har mutane suka ƙosa.

Tun 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar. A shekarun da suka biyo, manoman gyaɗa na ƙasar Matameye da Magarya sun karɓi riƙon kasuwanninsu na haɗin kai. Sai an sami mai duba sikeli, sai an sami mai rubuta nauyi da kuɗi. Mai koyo don wannan aiki ba ya bukatar a roƙe shi ya zo aji. Ya san in bai iya ba, guminsa ne zai tafi.

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan jihar Damagaram da ta Doso. A wasu azuzuwa an haɗa karatu da koyon aika saƙo ta salula, a wasu ba a haɗa ba. Masu salula sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Ba salular ce ta yi musu karatu ba. Ta ba su abin da za su yi da shi bayan an tashi daga aji.

Saboda haka kowa ya nemo wa karatunsa aiki a daminar bana. Ka rubuta ranar da aka yi ruwan shuka, da yawan tiyar irin da ka shuka. Ke mai adashi, ki rubuta sunan wadda ta zuba da wadda ta ɗauka. A karanta katin awon yaro, a ga ranar komawa. Ɗanka yana Kano ko Agadas? Rubuta masa saƙo da hannunka, ko layi ɗaya ne. In da hali, a haɗu mutum uku ko huɗu ran Juma'a da la'asar, tunda ranar ba a daɗe a gona. Wannan ya yi shifta, sauran su rubuta. Wanda ya koya wa wani, nasa karatun ke ƙara zama. Kuma kada a yi wa kowa dariya. Dariya ta kori dattawa daga aji fiye da yadda aikin gona ya kore su.

Ga aikin wannan mako. Wata mata ta sayar da wake tiya 12, kowace tiya dala 60. Dala nawa ta samu? Jaka nawa ke nan, da dala nawa a kai? Ku tuna jaka ɗaya dala 200 ce. Ku yi lissafin yau, ku share. Ran da ya kwana uku ku sake yi ba tare da kun tambayi kowa ba, ku kai wa malaminku amsar kafin a rufe aji.